Allurar Kumasi da Bakin Kawu Jatau

Gwaggo, wa ya gaya miki na zama ɗan ƙwaya?

Af, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ruwa, ya mutanen Dakko? Ya ƙafar taki? Ni lafiya lau nake a Kumasi, yanzu dai.

Mura ce mai tsanani ta sauka mini a ƙirji. Ba wani abu ba ne, sai dai ko Fatiha ba na iya kaiwa ƙarshe, ina haki kamar an danne ni cikin ruwa. Aka sa mini iska a asibiti, hakin bai bari ba. Likita ta ce za ta yi mini allurar mofin ɗan kaɗan, ba don ya kashe cutar ba, don in daina kokawa da numfashi. Na ce mata ni fa na karanta, ɗan uwan kodin ne! Na so in ci gaba da gardama, numfashi ya hana. Ta auna maganin, ta yi mini allurar, ta tsaya tana lura da ni, na samu barci.

Kawu Jatau kaɗai na faɗa wa a waya. Yau ga shi mahaifin Mufida zai maido kayan gaisuwata, wai ba ya ba mashayi ɗiya.

Ki gaishe mini da Mufida, ki ce ta jira ni. Kawu kuwa, ya tsaya a kasuwar Mafara inda ya watsa maganar, ya amsa mini gaban jama'a: jar ƙwayar da yake haɗiya kafin ya shiga gona, wane likita ya auna masa?

Ɗanki,
Yasir