Maganaɗisun Da Ka Manna a Ƙirjinka

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, raɓar da ke kwana a kan ganyen zuciyata,

Ka san ni, a gabanka ko gaisuwa sai na haɗiye rabi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da na manta littafina na soyayya a bencin shagon Babanka? Da gudu ka biyo ni, kana tsokanata wai 'Yar Shiru ta yar da samarinta na takarda. Ba ka rufe baki ba na'urar da likitoci suka dasa maka a ƙirji, don ta farfaɗo da zuciyarka in bugunta ya rikice, ta ja ka da wuta, ka durƙushe a gabana. A littattafaina durƙuson saurayi abin murna ne. Ni ranar numfashina ne ya ɗauke.

Yayarka ta gaya min, da aka duba na'urar a asibiti an ga zuciyarka lafiya lau take bugawa a lokacin. Wayar da ta haɗa na'urar da zuciyar ce ta tsage, na'urar take jin ƙarar ƙarya ta zaci ajali ne. Aka ce a kwantar da kai a sauya wayar, ka zame.

Jiya da ka sunkuya kan rediyon da kake gyarawa, wuyan rigarka ya buɗe, na gani: maganaɗisun lasifika, manne da filasta daidai kan tabon dashen na'urar. Na san ka ji likita ya ce shi ke hana na'urar jan mutum. Amma ya tauraron asubata, idan bugun nan mai kisa ya dawo da gaske, wa zai tashe ka? Ka ɗaure bakin kare don ya cika haushi, alhali ɓarawo bai bar unguwa ba?

Ban raina tsoronka ba, wallahi. Wanda doki ya harba a ƙirji ba a yi masa dariya. Sai dai ka tafi asibiti yau, da abin a jikinka, su cire da hannunsu. In ka ƙi, ni da ban taɓa haɗa ido da Mamanka ba zan je in tsaya a gabanta in faɗa mata. Ka yi fushi da ni, ka daina kallona, ka sauya hanya in ka hango ni. Zan jure, domin mai fushi yana numfashi.

Taka, ko kana gaishe ni ko ba ka yi,
'Yar Shiru