Wiwin Deolindo

Peniche, 9 ga Maris

Zuwa ga matata Graciete,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Sónia da maigidanta da jikanmu Tomé. Yaya sanyin Luxembourg, yaya gwiwar taki? Ni lafiyata ƙalau. Shago ma yana nan, kullum ina buɗe shi don littattafan su sha iska.

Kada ganin takarda ya tayar miki da hankali. Wayar da muke yi ran Lahadi ce na ga ba za ta ɗauki wannan labari ba: minti bakwai ce, uku na ruwan sama, uku na haƙoran Tomé, ɗaya na sallama.

Labarin shi ne, mijinki mai shekara hamsin da takwas, wanda bai taɓa ƙarasa karan sigari ɗaya ba, 'yan sanda sun kama shi da wiwi.

Tun da kika tafi renon Tomé na wata uku, yau shekara biyu da wata ɗaya ke nan, duk yamma in na rufe shago sai in gangara katangar bakin teku wurin Deolindo mai gyaran taru. Shi ya sha tabarsa, ni in yi surutu. Nakan zauna ta inda iska ke fitowa don hayaƙin ya nufi Amurka. Ban taɓa yi masa wa'azi ba. Kin san mu goma sha biyu ne maza a ajinmu, hodar allura ta binne biyar. Shi motar ma'aikatan lafiya ce ta tsamo shi, waɗanda ke ba da allura mai tsabta da maganin sha ba tare da sun tambayi mutum ko ya tuba ba. Yakan ɗaga naɗin nan nasa ya ce, "Farfesa, ni wannan ce fanshona."

Bayan jana'izarsa a watan jiya, ƙanwarsa Dona Benvinda ta ba ni kwat ɗinsa ta ruwa. Shekaranjiya na sa ta na je na zauna a mazauninmu. A aljihu na ji wani gwangwanin alewar tari, na buɗe, sai ga ɗan dunƙule baƙi-baƙi kamar cakuleti. Ban yi komai da shi ba, Graciete, hanci kawai na kai. Warin Deolindo ne sak.

Ina cikin haka Sajan Valdemar ya tsaya a kaina, da wani sabon ɗan sanda. Sun fito ne duba baƙin nan masu wasan hawan igiyar ruwa, waɗanda aka gaya wa a ƙasarsu wai a nan komai halas ne. Da Valdemar shi kaɗai ne, da teku zai juya ya kalla. Na buɗe baki zan ce ba nawa ba ne, sai ya taka mini ƙafa.

"Amílcar, ka yi wa Allah ka ce naka ne," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Mai sha, kwamiti zai gani. Mai riƙe wa wani kuwa, wata takarda ce dabam, kuma bakin nan naka ba zai bar ka ka fito da wuri ba."

"To ai mai shi ya mutu."

"Shi ya sa ba zai zo ya yi maka shaida ba, gwanin karatu."

Suka auna, giram huɗu, ƙasa da guzurin kwana goma da doka ta yanka. Saboda haka ni ba mai laifi ba ne, abin lallashi ne. Gobe zan hau bas zuwa Leiria in bayyana gaban kwamitin da ke lallashin mashaya. Dokar da ke tausaya wa mashayi ba ta tanadi komai ba don wanda ya sunsuna kawai, dole in je a matsayin mashayi. Kwana biyu ke nan ina karatu a kai.

Ki shafa mini kan Tomé. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Amílcar


Peniche, 14 ga Maris

Graciete,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan tarin da na ji a muryarki ran Lahadi ya lafa. Na lura ba ki ce komai ba game da takardata, wataƙila ba ta iso ba tukuna.

Na je Leiria da kwat ɗin bikin Sónia. Na yi zaton zan tarar da alƙali da guduma, sai na tarar da teburi zagayayye, da tukunyar fure mai neman ruwa, da mutum uku cikin kayan gida. Mai yawan tambayar wata ce Dakta Lurdes, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, sa'arki ce, gilashinta na rataye da igiya.

Ta ce tun yaushe nake sha. Na ce ai ita wannan ciyawa, igiyoyin jiragen da kakanninmu suka zaga duniya da su ma da zarenta aka tufka su. Ta ce, "Senhor Amílcar, kai na tambaya, ba kakanninka ba." Na ce shekara biyu. Da wa? Da aboki. Ina abokin? Na gaya mata.

Daga nan ta ajiye biro. Ta ce yaya barci. Ta ce me na ci jiya. Na ce kifin sadin na gwangwani. Shekaranjiya fa? Na ce ɗan'uwansa. Ta ce wa ke gida. Na ce littafi dubu huɗu da agogon mahaifiyarki.

Ban san yadda aka yi ba, na yi minti arba'in ina magana, ba wanda ya dubi agogo. Rabon da a tambaye ni abin da na ci, tun ranar da na raka ki tasha.

Suka yi shawara, shugaban kwamitin ya ce tunda karo na farko ne, kuma ba alamar abin ya kama ni, za a jingine fayil ɗin, in tafi gida abina. Mai hankali godiya zai yi ya ɗauki hularsa. Ni kuwa da na tuna gidan da ake cewa in tafi, sai na ji bakina yana cewa, "Gaskiya dai kullum nake sha. Har da safe, kafin kofi."

Dakta Lurdes ta dube ni ta saman gilashi, ta daɗe. Sannan ta ce tana zuwa asibitin garinmu duk Alhamis, in ina so in riƙa zuwa muna tattaunawa, ba dole. Ta ba ni wata 'yar takarda: kada in gauraya da taba, kada in haɗa da giya, kada in tuƙa mota, kada in saya hannun wanda ban sani ba, kada in sha don ina baƙin ciki. Na bi duka biyar ba tare da wata wahala ba.

Akwai fom da na cika. Gurbi ɗaya na bari, inda aka ce a rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru. Da Deolindo zan sa, ko da yake bai taɓa ɗaga waya ba a rayuwarsa.

A gaida mutanen gida.

Naki,
Amílcar


Peniche, 6 ga Afrilu

Matata Graciete,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ina sanar da ke cewa na ji abin da kika faɗa a waya, ko da yake kin faɗe shi Tomé na kuka: "Kai dai komai abin dariya ne a wurinka." Na so in amsa, minti bakwai suka cika.

Alhamis uku na yi ina zuwa. Nakan aske gemu tun Laraba. A layin jira nakan zauna da mashaya na gaskiya, har wani mai kamun kifin nan mai ƙafa takwas, Telmo, ya ce da ni, "Kawu, kai wa ke sayar maka? Don naka bai taɓa ja maka ido ba." Na ce sirrin sana'a ne.

A ɗakin Dakta kuwa nakan fara da wiwi don cika ƙa'ida, minti biyu, sai mu gangara kan Deolindo. Daga Deolindo sai in ga mun iso kanki, ban san ta wace hanya ba. Ta san kina sa lemon tsami a miyar kifi, ta san ke kike rufe tagar bayan gida in iskar arewa ta taso. Har yau ban koyi rufe ta da wuri ba.

Yau asirina ya tonu. Ta ce tunda na ƙi ragewa, bari aƙalla ta gyara mini yadda nake naɗi, don huhuna. Ta zaro takardar naɗi da ɗan kwalin da ake sa wa a gindi, ta farke jakar shayi ta zuba a teburi, ta ce in nuna mata yadda na saba. Graciete, na karanta yadda ake yi a harsuna uku. Na lashi takardar ta gefen da ba gam, ta manne mini a leɓe, shayin ya watse a wandona. Abin da na miƙa mata ya fi kama da kifin da mota ta taka.

Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta ce, "Tun a Leiria na sani. Wanda ke sha ba ya kawo mini tarihin igiyoyin jiragen kakanninsa." Na ce to yanzu sai kotu? Ta ce, "Wace kotu? Ba wanda ake ɗaurewa don bai sha ba. Fayil ɗinka na nan a jingine. Na bar ka ne don na ga akwai ciwo, ko da yake ba shi aka rubuta a takarda ba. Amma kujerar nan akwai masu jiranta, Senhor Amílcar. Telmo ya yi wata biyu yana neman a ƙara masa lokaci."

Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Na saci Alhamis ɗin mutumin da ke fama da ransa don in sami mai tambayata abin da na ci.

Ta ce in zo sau ɗaya na ƙarshe, bayan bikin Ista, mu rufe. Ta turo mini fom ɗin nan ta sa yatsa a gurbin da na bari. "Wannan ne kaɗai maganin da zan rubuta maka. Kada ka dawo mini da shi fari."

Na bi garin nan a kaina gida-gida. Valdemar zai zo in an kira shi, amma da littafin rubuta rahoto. Dona Benvinda ba ta ji sosai. Saboda haka nake neman izini, a matsayina na tsohon mashayi da ya tuba ba tare da ya fara ba: in rubuta sunanki? Ba wani aiki ba ne, ba mai kiranki sai na faɗi a titi, ni kuwa ina tafiya a hankali.

Allah ya ba ku lafiya.

Amílcar


Peniche, 22 ga Afrilu

Graciete,

Ina gaishe ki. Da fatan kun yi Ista lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Takardarki ta iso ran Talata. Rabin shafi ce, na karanta ta fiye da duk wani littafi da ke shagon nan.

Kin ce in rubuta sunan duk wanda na ga dama, amma ke ba lambar motar asibiti ba ce da za a tuna da ke sai na faɗi a titi. Kin ce Tomé ya shiga makarantar reno tun bara, ba wanda ke buƙatarki a can kamar da, kuma na sani. Kin ce wasiƙa uku na rubuto, na ba ki labarin ɗan sanda da kakanni da jakar shayi, kika juya kowace takarda har bayanta kina neman kalma biyu, ba ki gani ba.

Kin kuma tuna mini abin da na faɗa a tasha, kina riƙe da akwati, kika ce, "Ko in rage kwanakin?" Na ce ki zauna iya son ranki, ni da littattafai ba ma kewar kowa. Na ɗauka kin san wasa nake. Ashe kin hau bas da maganar, kin yi shekara biyu kina jiran in janye ta. Ni kuma ina nan ina jiran ki dawo da kanki, don kada a ce na roƙa. Na iya yi wa hukuma ƙarya don a saurare ni, na kasa gaya wa matata gaskiya a kyauta.

Shekaranjiya na je Alhamis ɗina ta ƙarshe. Na rubuta sunanki da biro, Dakta Lurdes ta duba, ta ce, "Ita ta sani?" Na ce za ta sani. Da na fito na ce da Telmo kujera tasa ce. Ya ce, "Kawu, har ka warke?" Na ce saura allura ɗaya.

Valdemar ya maido mini da gwangwanin, ba komai a ciki. Da yamma na je katanga na buɗe shi. Warin ya kusa ƙarewa. Na zauna ta inda iska ke fitowa, kamar kullum, sai na ga ba hayaƙin da nake gudu.

Na janye abin da na faɗa a tasha. Ina kewarki tun kafin bas ɗin ya sha kwana. Ban san ko har yanzu kina so ba, kuma in kin ce a'a ba zan ce kin yi laifi ba.

Ki dawo.

A ƙasan wannan layi na rubuta zolaya uku, na soke su duka. Za ki ga wurin.

Mijinki,
Amílcar