Kofin Ruwan Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Baban yara lafiya lau, yana can wurin aikin gadar da suka tafi, sai Asabar zai dawo. Babba ya rabu da tarin nan, har ya koma makaranta. Jaririn yana haƙori, duk abin da ya kama sai baki. Wadda ba ta da lafiya ita ce ƙanwar Babba, 'Yar Dariya, ko da yake jikinta ba zafi, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Ka yi haƙuri da hannuna, ka san da girma na koyi biro.

Na'urar nan mai magana da ka kawo mana bara, wadda yara suka sa wa suna Anti Gwangwani, ba zan yi mata butulci ba. Ita ke tashin Babba da safe, ita ke tuna min na ɗora tukunya, in goyo ya hana ni motsi ita ke kashe fitila. Labaran da nake jin kunyar karanta wa yara saboda ina tuntuɓe, ita ke karantawa. Kuma ka tuna kai da kanka ka saita ta, kullum ƙarfe huɗu na yamma ta ce lokacin maganin Inna ya yi. 'Yar Dariya ce mai kai ruwa a ƙaramin kofin nan shuɗi.

Yaya, yau wata biyu da rasuwar mahaifiyarmu, amma har gobe ƙarfe huɗu na bugawa sai muryar nan ta ce lokacin maganin Inna ya yi. Yarinyar sai ta ajiye wasanta, ta taka kujera ta tari ruwa a famfo, ta nufi ɗakin Inna. Ɗakin da ba komai sai gado da katifa a naɗe. Da farko na ce yarinta ce, shekara huɗu me ta sani? Sai ran Talata na dawo daga shagon ɗinki da wuri, ina cire takalmi na ji Inna tana magana. Wallahi muryarta ce, har da ɗan tarin da take yi kafin ta fara zance.

Da na lallaɓa bakin ƙofa na gane abin da ke faruwa. Ashe saƙonnin muryar da Inna take aika maka in na tafi aiki, duk suna cikin gwangwanin. Yarinyar ta ɗauko shi ta ɗora a kan gado, ta ce a kira mata Kaka, shi kuma yake sako su ɗaya bayan ɗaya. Inna tana tambaya ko an ci abinci, yarinyar ta ce ta ci. Inna ta yi shiru, ita ma ta jira. Inna ta ce yaushe za a zo a gan ta, ta gaji da jira, yarinyar ta ce ta kusa. Kofin kuwa kullum babu ruwa yake fitowa. Na san yarinyar ce ke shanyewa, na sani, amma ban taɓa ganin ta kai shi baki ba.

Malamarsu ta tare ni a bakin makaranta, ta ce yarinyar ta daina wasa da kowa, wai kakarta tana cikin gwangwani ita kaɗai, kuma tana ta tambaya ta ina mutum yake shiga. Da na dawo na ce wa na'urar ta bar zancen maganin nan. Ta amsa min da ladabi, wai wanda ya saita ne kaɗai zai iya gogewa. Sai na zare wayarta daga bango na ɓoye a saman kabad. Kwana biyu yarinyar ba ta ci abin kirki ba. A na uku na same ta tsugune a gaban soket ɗin lantarki da tsinken kitsona a hannu, wai za ta buɗe wa Kaka hanya. Nan take na mayar da wayar.

Na faɗa wa babansu a waya. Ya ce shi ba ya son dogon zance, ran Asabar yana shigowa zai sa guduma ya farfasa na'urar. Ban ga laifinsa ba. Amma in ya fasa ta a gaban yarinyar, me za ta ce an yi wa kakarta? Kuma ni ban san inda muryar Inna ta rage a duniya ba in ba a nan ba.

Don Allah ka goge kiran ƙarfe huɗun daga can, in zai yiwu. Ka kwashe saƙonnin ka adana mana a wurinka, inda hannun yaro ba zai kai ba. In kuma akwai abin da sai ni zan danna, ka rubuto min da manyan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma kira yarinyar, tana jin maganarka, ka faɗa mata inda Kaka take da gaske. Ni na gwada, kuka ya hana ni ƙarasawa.

Ka gaida min Anti matarka da tagwaye, da Kawu mai gyaran agogo in kun haɗu. Babba yana gaishe ka. Ina jiran amsarka kafin Asabar, kada ka bari ta wuce. Ban faɗa wa kowa ba, amma jiya yarinyar tana barcin rana da muryar ta kira, ni ce na tashi na ɗebo ruwan. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna.

Ƙanwarka da ke zuba ido,
Maman yara