Tutar da Hafiz Ya Ara Mana

Taman Melati,
Kuala Lumpur.

Zuwa ga Yaya Sakinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inno da yaran gida. Allah ya ƙara wa Inno sauƙin ƙafa. Mu nan lafiya lau. Nuriyya ta shiga aji biyu, in ka yi mata Hausa sai ta amsa da yaren Malay, Rayyan kuwa haƙora sun fara fitowa, ya hana kowa sakat.

Yaya, maganar ƙaninki ce ta sa na zauna rubutu. Kin san shekara huɗu ke nan Muhyiddeen yana kan kundin digirinsa na uku, a kan sojojin saman Vietnam: yadda suka fara karawa da jiragen Amurka, da tutocin girmamawa da ake ba rundunar da ta yi bajinta. Ranar Alhamis ya kamata ya miƙa kundin, mu tattara mu dawo gida kafin babbar Sallah. To, watanni biyar da suka wuce ya haɗu da wani Hafiz, mai tara tsofaffin kayan soja, ya ara masa wata jar tuta mai tauraro, ya ce ta wata runduna ce. Kwanan watan da ke jikinta ya riga wanda littattafai suka ce an yi karon farko da wata bakwai. Ƙaninki ya kusa tashi sama don murna, ya ɗora babi na huɗu kacokan a kan wannan kwanan wata.

Ni dai tun farko mutumin bai kwanta mini ba. Komai aka tambaye shi sai ya ce boleh, wato babu damuwa, amma da aka tambayi inda ya samo tutar, yau ya ce hannun jikan wani matuƙin jirgi, gobe ya ce hannun wani tsohon makaniki. Ladan aron da ya nema kawai shi ne a sa hoton tutar da sunansa a kundin. Na ce wa Muhyiddeen wannan mutumin tambarin jami'a yake nema wa hajarsa. Ya yi dariya, ya ce aikin tarihi ba zaɓen atamfa ba ne. Na haɗiye, amma ta yi mini zafi.

Ranar Asabar, bayan ya tafi laburare, na warware tutar a kan teburin ɗinkina, na juya bayanta kamar yadda kika koya mini a shagonki na Fagge. Yadin tsoho ne, babu musu. Tauraron da sunan rundunar aikin hannu ne, wani ɗinkin ya fi wani tsawo. Amma lambobin kwanan watan sumul suke, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kuma a ƙarƙashinsu ga ɓurɓushin farar takardar nan da masu ɗinkin kwamfuta suke sakawa, irin wadda nake gani kullum a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Na zare silin zare ɗaya daga tauraron, ɗaya daga lambobin, na ƙyasta ashana. Na tauraron ya yi ƙaurin gashi ya zama toka. Na lambobin ya narke ya dunƙule kamar leda. Wato daga baya aka ɗinka kwanan watan, ba tare da tutar aka yi shi ba.

Da ya dawo na maimaita a gabansa. Ya daɗe yana murza ɗan dunƙulen da yatsa, sannan ya ce masu jarrabawa ba sa zuwa da ashana. Abin da ya faɗa ke nan, ya tashi ya tafi masallaci.

Wallahi Yaya, maganar nan ta fi ta Hafiz tayar mini da hankali. Kwana uku ina kallonsa ta gefen ido. In wayarsa ta yi ƙara sai ya fita baranda, na kuwa ji ya ambaci sunan Hafiz sau biyu. Ya daina buɗe kwamfutarsa in ina kusa. Na riƙa raya cewa sun shirya ne a rufe maganar, ya miƙa kundin a haka, a kira shi Dakta a kan zaren leda. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, akwai lokacin da zuciyata ta ce in ja bakina in yi shiru, tunda ina son ganin gida.

Jiya da safe, yana wanka, na yi abin da ban taɓa yi ba a shekara tara na aurenmu: na buɗe jakarsa. Ina neman kundin ne in ga ko babin yana nan. Babu kundi. Takardar neman ƙarin wata takwas na tarar, ya riga ya sa hannu, a wurin dalili ya rubuta cewa hujjar babi na huɗu ta rushe. Ina tsaye da ita a hannu ya fito. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce wayar da yake yi, Hafiz ne ke roƙonsa ya yi shiru, shi kuma kunyata ce ta hana shi yi mini bayani. Sannan ya tambaye ni ko zan raka shi wurin farfesan da ke duba aikinsa, domin shi ba zai iya bayanin ɗinki ba. Gobe da ƙarfe goma, ni zan ƙyasta ashanar a ofishin.

Saboda haka ba za mu zo Sallah ba. Ki lallaɓa ki gaya wa Inno, shi ya kasa. Ki ce mata ɗanta bai faɗi ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ni ce na zarge shi da ita, har yanzu ban san da wane baki zan ba shi haƙuri ba.

Ki gaida Inno da kyau, da Baba Yahuza, da Walida da maigidanta, da su Adnan. Nuriyya ta ce a gaishe ki.

Taki ƙanwa,
Ruƙayya.