Ƙullin da na ciro daga akwatin ƙanwata na jefa a gulbi

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mutumin Bungudu ne, ina da rumfa a Sabon Garin Gusau inda nake gyaran jaka da akwati. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira ta Rabi. Ita Allah ya ba karatu a gidanmu, har ta samu aiki da wani kamfanin jirgin sama a Kano, cikin masu kula da fasinja, kuma yawanci Jidda suke zuwa. Babu irin surutun da ba a yi ba a garinmu da ta karɓi aikin nan, ni na tsaya mata wurin Inna mahaifiyarmu. Akwatinta na farko ma ni na zaɓa. Kamfani ya ce baƙin akwati ake so, mai taya, wanda zai shiga ma'ajiyar da ke saman kujera, na bi ta har Kano muka wuni muna juya akwatuna, ina murza taya in ji ko da boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, a ciki, ina zaro hannu in mayar, ina gwada zif. Na ce mata kada ta ja shi kan tsakuwa, ta riƙa ɗauka, kuma ta riƙa cire gashi da zaren da ke naɗewa a gindin taya. Duk hutun da ta zo sai ta kawo min na sa mai na ɗaure noti.

Bara ta auri wani ɗan kasuwa a Tsafe mai sayar da kayan gyaran mota, Alhaji Bala zan ce da shi. Ya yarda ta ci gaba da aikinta, mutane suna ta yaba masa, ni ma na yaba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai: ana gama biki ya canza mata akwati, alhali na farkon lafiyarsa lau. Na ce wa kaina kishi ne kawai na mai sana'a da ba a nemi shawararsa ba.

Da daminar bana tayar sabon akwatin ta fashe mata a tashar Tsafe. Ta kawo min a gaggauce ta ce, “Yaya, jibi zan koma aiki, ka taimake ni.” Irin wannan akwati ba a canza masa taya sai an farke shafin ciki an kai ga noti. Ina kai hannu na ga an riga ni. Wani ya farke shafin ya mayar da ɗinkin hannu, da baƙin zare riɓi biyu. Na warware. Tsakanin ƙarafa biyun da hannun akwati ke shiga, sai ga wasu ƙulle-ƙulle an naɗe da baƙar leda an bi da salatif, an danne su sun yi faɗi. Na latsa ɗaya na ji kamar gari. Wa bai ji a rediyo abin da ake yi wa wanda aka kama da hodar iblis a Saudiyya ba? Fuskar Rabi kawai nake gani, da Inna, da ni da na ce a bar ta ta yi aikin.

Ban buɗe ba. Na san za ku ce wauta ce, ai sai in yaga ɗaya in gani. Tsoro na ji, tsoron in gani in tabbatar. Na zuba su a buhu, da la'asar kan hanyar gida na tsayar da mashin ɗina a kan gada, gulbi ya kawo ruwa jawur, na wurga. Washegari na sa sabuwar taya, na mayar da ɗinkin da irin zaren da na tarar. Ina cikin ɗinkin ne na lura da abin da har yau yake cina: yadda aka ƙulle bakin zaren, a zagaya sau biyu a cusa ƙarƙashi, haka nake yi, kuma ni na koya wa Rabi tun tana yarinya. To ita ta ɗinka? Ko kuwa duk mai riƙe allura yana iya yin haka, ni ne zargi ya rufe wa ido?

Da ta zo karɓa ta ɗaga akwatin, ta ajiye, ta sake ɗagawa, ta dube ni. Na jira ta yi magana. Ta ce, “Sannu da aiki, Yaya.” Ta tafi.

Bayan ta je ta dawo, sai ga Alhaji Bala a rumfata, shi da bai taɓa tako ta ba. Muka gaisa, ya zauna kan benci ya ce, “Yaya, wanga akwati da ka gyara, ba ka ga wani abu ciki ba?” Na ce wane irin abu? Ya ce magani ne, wani malami a 'Yandoto ya haɗa wa wansa da ke zaune a Makka, ciwo ya kwantar da shi, an ɓoye ne don ma'aikatan can suna ƙwace garin magani. Na ce taya kawai na canza. Ya dube ni ya ce, “Ka rantse.” Ni kuwa na buɗe baki na ce wallahi ban ga komai ba. Na rantse da Allah a kan ƙarya, da rana tsaka, da alwalata. Ya miƙe ya ce, “Shi ke nan, na san inda zan nema.”

Inda ya nema shi ne wurin Rabi. Ya ce ita ta cire, ko ta ba wani cikin abokan aikinta. Rigima ta yi tsanani har ta kwaso kayanta ta taho Bungudu. Ina shiga gida in tarar da ita zaune gefen Inna idanu sun kumbura, in gaishe su in wuce kamar ban san komai ba. Na taɓa zaunar da ita na ce, “Rabi, mene ne a cikin akwatin nan?” Ta ce, “Magani ya ce min.” Na ce ke kin gani da idonki? Ta ce, “Yaya, me ya sa kake tambaya?”

Ana cikin haka aka aiko wan Alhaji ya rasu a Makka. Ashe da gaske akwai wan, da gaske yana ciwo. Na je ta'aziyya Tsafe, ina jin tsohuwarsu daga cikin gida tana kuka tana cewa ko maganin da ta roƙa a kai masa bai samu ba. Na san rai na Allah ne, amma idan maganin bawan Allah na zubar a ruwa fa, saboda zargin banza? Na fito ina share hawaye, sai wani mai shayi da na sani a bakin titi ya kira ni ya ce, “Surukinku lafiya kuwa? Kwanaki wasu baƙi sun zo da mota mai lambar Legas suna nemansa, ya ɓuya a bayan shago har suka tafi.” To wanne zan kama? Garin magani ne ake turo mutane daga Legas a kansa? Ko bashin kasuwa ne da bai shafi akwati ba? Yau in kwana ina ganin na ceci ran ƙanwata, gobe in tashi ina ganin na kashe mata aure na zalunci mamaci.

Yanzu manya sun shiga tsakani, Rabi ta koma ɗakinta, za ta koma aiki kuma jigilar Umra ta gabato. Alhaji ya sake saya mata wani akwatin, Inna ta ce min har ya gargaɗi Rabi kada ta kai wa kowane mai gyara. Amma jiya sai ga Rabi a rumfata ita kaɗai, tana jan sa. Ta ce, “Yaya, duba min tayar nan, kamar tana ƙara. Ran Juma'a zan biyo in karɓa.” Ba ta zauna ba, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Malam, na murza tayar nan, na ja akwatin a siminti, na ja a ƙasa. Ba abin da ya same ta, sabuwa ce fil. Ga shi nan a gabana ina rubuta muku wannan, ban taɓa zif ɗin ba. Roƙona take in duba ciki don ta kasa faɗa da baki? Ko shi ya turo ta, ya sa alama, yana jira in farke ya kama ni da rantsuwata? In na buɗe na tarar da wani abu, wa zan kai wa da ba zai jawo mata ɗauri ba? In kuma na mayar mata yadda ta kawo, ta hau jirgi da shi, wani abu ya faru, da wane ido zan dubi Inna? Juma'a ta kusa. Don Allah jama'a, me zan yi?