Kafin Ƙanƙara Ta Rufe Laurebina

Zuwa ga Baban Pasang,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma gwiwar nan ta daina damunka. Yaya Kathmandu da hayaniyarta? Pasang ta aiko daga makaranta, lafiyarta lau.

Matafiya sun fara ja baya. Masu zuwa masaukinmu yanzu ɗaiɗai ne, su sha shayi, su kwana, da safe su ɗaure takalma su haye mashigar dutsen Laurebina. Jiya wata baturiya ta riƙe hannuna tana cewa na ji daɗina da nake zaune a wuri shiru haka. Na yi mata dariya kawai. Su sai sun ƙetaro teku su yi ta hawan dutse suke samun kaɗaici, ni kuwa har ɗaki yake biyo ni.

Ka ce da ka sallami baƙin da kake yi wa jagora za ka hau mu rufe masaukin nan tare, mu gangara gida kamar kowace shekara. Ka hanzarta. Ruwan randa ya fara daskarewa, kuma ka san ba na iya ɗaga katakon tagogi ni kaɗai. Gaskiya ma ba katakon ba ne, kewarka nake yi.

Taka,
Yangjen

Baban Pasang,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan lafiya ce ta hana ka amsa.

Maƙwabta sun rufe sun sauka. Daga nan har tafkin Gosaikunda hayaƙin murhuna kaɗai ke tashi. Na soma yi wa kaji magana, su ma ba sa amsawa.

Tsoho Jangbu mai alfadarai ya zo da buhun shinkafa. Yana shan shayi ya ce, "Ke kuwa, mijinki ya yi ƙiba! Har tumbi ya ajiye. Na ce masa a haka za ka hau dutse?" Na tambaye shi a ina ya gan ka. Ya ce a mararrabar ƙasa mana, kana jan wasu baƙi zuwa kwarin Langtang. Da ya ga fuskata sai ya ce, "Au, bai biyo ba? To ni dai bakina ya ja mini." Ya shiga gyara igiyar da ba ta lalace ba.

Daga mararrabar nan zuwa ƙofata yini ɗaya ne, kai da ka saba. Ban zarge ka da komai ba, don ban san komai ba. Amma raina ya ɓaci, kuma na yi kuka. Zan ƙara jira. In ba za ka zo ba, ka faɗa wa Jangbu da bakinka, shi ba ya iya riƙe magana.

Matarka,
Yangjen

Baban Pasang,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, duk inda kake.

Ƙanƙara ta sauko. Ma'aikatan gandun daji sun zo sun ce hanyar Laurebina ta rufu, kowa ya gangara. Su suka kama mini katakon. Ɗayansu ya ce, "Yaya, ina mai gidan?" Na ce yana hanya. Ya dubi hanyar, fara fat ba sawun kowa.

Gobe da safe zan sauka, amma gidan mahaifiyata zan nufa. Can za ka same ni in kana nema, kuma ka zo da bayani.

Ɗakin baya na bar shi ba kwaɗo, da itace da ashana da bargo, yadda ake yi saboda wanda sanyi ya ritsa da shi. Kada ka ɗauka dominka na yi, ko wane ne ya zo haƙƙinsa ne. Takalmanka na ƙanƙara dai suna bayan ƙofa. Na shafa musu mai.

Ka huta lafiya.
Yangjen