Ayabar 'Yar Isa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau kwana shida Baba bai ci abin kirki ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi haɗiya ta zame masa aiki. Na dama kunun tsamiya da ya ji citta, ya kau da kai. Fura, na tace ta har sau biyu, kurɓi ɗaya ya ture. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an kai shi Sakkwato an zura masa roba ta hanci. Baba ya ce gara a bar shi ya mutu a ɗakinsa.

Ina cikin wannan sai ga Radiyya, matar ƙanena Talha, da ƙaton cikinta da wayarta. "Yaya, in gwada mishi wani abu da ayaba?" Ayaba. Shekara tara gidan nan na hannuna tun rasuwar Inna, amma 'yar garin Isa da aka kawo bara ita za ta koya mini abin da ubana ke ci. Ko kallo ba ta ishe ni ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ta yi abinta ba da izinina ba. Wai sunansa fudin, a waya ta gani. Na ga dai madarar gari da kwastad da biskit da ayaba, ta rufe kwano ta binne gindinsa cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Abincin 'yan gayu, tsiya ce kawai aka sa wa sukari.

Ba ta shiga ɗakin surukinta, kunya, don haka a bakin ƙofa ta miƙo mini. Na karɓa ne don ta ji da kunnenta in ya ture.

Ya ci rabin kwano. Haushi ya hana ni cin tuwon rana.

Talata, 8 ga Oktoba

Ni ce 'yar fari. Shekarata arba'in da ɗaya Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle yabo. "Ke" nake, ko "waccan". Yau da ya share kwanon sai ya dube ni ya ce, "Allah shi yi miki albarka."

Radiyya na tsakar gida tana wanke tukunya, na san ta ji. Ban ce ita ta dafa ba. Ita ma ba ta ce komai ba, wannan shirun nata kuma shi ya fi ƙona mini rai. Munafuncin kirki.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ya sake ci. Har ya nemi a jingina shi ya ga rana. Ita kuwa sai rangwaɗa take a gida kamar ita ta haƙa rijiyar.

Lahadi, 13 ga Oktoba

'Yan'uwanta sun zo daga Isa sun tafi da ita goyon ciki, sai ta haihu ta yi arba'in. Da hantsi suka kama hanya don a bi ayari, hanyar ba ta da tabbas. Kafin ta shiga mota ta ce, "Yaya, zo in gwada miki yadda a ka haɗa shi, minti goma na." Na ce mata kunu ne da ayaba, tun ba a haife ta ba nake dama kunu.

Gida ya yi fili. Alhamdulillahi.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na haɗa. Na sa citta da kanumfari don ya yi ƙamshi, na tsiyaya ruwan tsamiya kaɗan, don ban taɓa ganin kunu salam ba. Madarar ta tsinke ta yi gudaji. Ayabar da na zuba a tukunya ta yi baƙi ta saki ruwa. Baba ya shinshina ya rufe ido.

Laifin ayabar ne. Ta yi kwanaki a mota kafin ta iso nan Sabon Birni.

Talata, 15 ga Oktoba

Na cire tsamiya, na kai masa da zafinsa. Cokali ɗaya, ya yi ta tari har hawaye. Talha ya ce, "Yaya Ikilima, a kira ta mana." Na ce in matarsa ce likitan gidan ya bi ta Isa ya tare.

Laraba, 16 ga Oktoba

Kwana uku babu ci. Talha ya yi magana da mai mota, jibi za a tafi Sakkwato.

Da azahar ina goge masa baki sai ya ce, "Ɗiyar Isa ta tahi ko?" Na ce ta tafi. Ya ce, "Tun ranar hwarko nis san ba hannunki na ba. Hannunki bai rabuwa da citta, cittar ko ita ka ƙona min maƙoshi."

Na ce, "Baba, don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Ana kushe hannun da ka jinyar mutum?"

Ashe duk kwanakin da nake cewa ciwo ne ya hana shi ci, kununa ne. Ya gwammace yunwa da ya kunyata ni. Na fita bayan rumbu na yi kuka mai isata. Albarkar nan kuwa ban tambaye shi ta wa ce ba, ba kuma za ni tambaya ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sai da na tsaya kan turmi kusa da katanga kafin sabis ya kama. Na yi niyyar in ce wa Radiyya Talha ne ya matsa in kira ta. Tana ɗauka ta ce, "Yaya, ina kwana, ya jikin Baba?" sai na rasa ƙaryar.

Ta ce a dama kwastad da ruwan sanyi tukuna, a zuba cikin madara mai zafi kan wuta kaɗan, a yi ta juyawa. Ba citta, ba tsamiya. Ayaba ba ta ganin wuta, sai ya huce ake yanka ta, nunanniya, a murƙushe saboda haɗiya. Biskit a ƙasa ya jiƙa ya yi laushi. Sannan yashin randa. Sau biyu na sa ta maimaita, ba ta yi dariya ba. Da ta yi da na fi samun abin riƙewa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Cokali tara. Da zan ba shi na farko na ce, "Radiyya ta koya min." Ya gyaɗa kai ya buɗe baki. Talha ya sallami mai mota.

Na sake hawa turmi na kira ta, don kada ta ji a bakin wani ta ce na ɓoye. Wai ƙafafunta sun kumbura. Na ce ta rage gishiri, ta riƙa ɗora su kan matashi, gobe za ni kira in ji ko ta yi. Yarinyar ba ta san komai ba, dole wani ya sa mata ido.